Daga teku zuwa Gulbin Rima: Abin da ke jiran hafsan sojin ruwa ɗan Kebbi bayan ajiye aiki

Jihar Kebbi ba ta da teku. Daga Birnin Kebbi zuwa gaɓar ruwan Legas ya haura kilomita 600 ko da a miƙe aka auna. Duk da haka, kowace shekara ana samun 'ya'yan jihar a jerin matasan da ake ɗauka aikin sojin ruwa, domin sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole hafsoshi da sauran dakarun ƙasar su fito daga kowane ɓangare na tarayya.

Yaron da ya taso a Argungu ko Jega ko Kamba, wanda babban ruwan da ya sani shi ne na fadama idan damina ta yi nisa, yana iya ƙarewa a matsayin kwamandan jirgin yaƙi a mashigin tekun Gini. Zai shafe shekaru tsakanin Apapa da Fatakwal da Warri da Kalaba. Wata rana kuma za a yi masa faretin ban-kwana, ya cire farin kaya ya rataye, ya kamo hanyar gida.

A nan ne wata sabuwar gwagwarmaya ke farawa. Takardun da ya tara a aikin soja ba su ba shi izinin tuƙa jirgin kasuwanci kai tsaye ba. A gida kuma mutane ba su san abin da za su yi da iliminsa ba, alhali a jihar tasa ruwa na cin rayuka da amfanin gona kusan kowace shekara.

Ritayar da ke zuwa da sauran ƙarfi

Mafi yawan hafsoshin jirgi suna shiga ne ta Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Suna shiga suna da shekara 17 zuwa ashirin da 'yan kai, daga nan su wuce Kwalejin Sojin Ruwa da ke Onne a Jihar Ribas domin koyon aikin teku. Akwai kuma masu digiri da ake ɗauka ta hanyar gajeren kwas, irin su injiniyoyi da likitoci da lauyoyi da malamai.

Iyakar aiki shekara 35 ce. Ke nan ko wanda ya cika wa'adinsa cif zai dawo gida yana da shekara hamsin da 'yan kai. Da yawa ba sa kaiwa nan. Dokokin aikin soja sun sanya wa kowane muƙami iyakar shekarun haihuwa, kuma wanda ya kasa samun ƙarin girma bayan damar da aka ba shi sai ya tafi.

Akwai kuma al'adar nan ta soja: idan aka naɗa sabon Babban Hafsa, waɗanda suka girme shi a aiki sukan yi ritaya. Haka ta faru a watan Yunin 2023 lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Emmanuel Ogalla ya gaji Awwal Zubairu Gambo, sannan batun ya sake tasowa a watan Oktoban 2025 da aka naɗa Idi Abbas, ɗan Jihar Kano. Sanarwa ɗaya daga fadar shugaban ƙasa na iya rufe aikin manyan hafsoshi da dama a mako guda.

Mutumin da ya bar aiki a wannan shekarun yawanci yana da yara a sakandare da jami'a, yana da iyaye tsofaffi, ga dangi da suka saba kallonsa a matsayin bango. Zaman gida ba nasa ba ne tukuna.

Me hafsan jirgi ya iya?

A Birnin Kebbi idan aka ce “tsohon soja”, abin da ke zuwa a zuciyar mutane shi ne bindiga da tsaro. Aikin hafsan jirgi ya fi haka faɗi.

Hafsan da ke sashen tuƙi yana karɓar gadin jirgi na awa huɗu, dare da rana, kuma a wannan lokacin ran duk wanda ke ciki yana hannunsa. Yana karanta taswirar ruwa, yana lissafin zurfi da igiya da iska, yana aiki da na'urar hangen nesa ta rada, yana bin dokokin kauce wa karo tsakanin jirage. Ya san yadda nauyi ke sauya daidaiton jirgi, da abin da ke faruwa idan kaya suka taru a sama ko suka karkata gefe guda.

Hafsan injiniya, wanda yawanci ya bi ta kwalejin injiniyoyin rundunar da ke Sapele, yana kula da manyan injinan dizal da janareto da famfuna da na'urorin sanyi da na tace ruwa. A teku babu makaniken da za a kira daga gari, don haka ya saba da tsarin duba inji kafin ya lalace. Hafsan sashen kayan aiki kuma ya san sayen kaya da ajiya da lissafin mai da abinci na ɗaruruwan mutane. Rundunar tana da kwalejin wannan fanni a Dawakin Tofa da ke Jihar Kano.

Dukansu sun yi atisayen kashe gobara da toshe ɓarakar jirgi da ceto wanda ya faɗa ruwa, har abin ya zama musu jiki. Wanda ya kai matakin kwamanda ya wuce ta Kwalejin Jaji, wasu har Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja, inda ake koyar da tsara aiki da rubuta rahoto da tafiyar da jama'a.

Gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa kafin mutum ɗaya ya tara wannan ilimi. Ranar da ya yi ritaya, ilimin na biye da shi zuwa gida.

Katangar takardar shaida

Abu na farko da mutane ke zato shi ne tsohon kwamandan jirgin yaƙi zai koma tuƙa jirgin dakon kaya ko na mai. Lamarin ba shi da sauƙi haka.

Aikin jiragen kasuwanci a duniya yana ƙarƙashin wata yarjejeniya ce ta Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, wadda ake kira STCW. An amince da ita a 1978, aka yi mata manyan gyare-gyare a 1995 da kuma 2010 a birnin Manila. Ita ta tsara irin horo da jarrabawa da tsawon zaman teku da ake buƙata kafin a ba mutum takardar ƙwarewa. Yarjejeniyar ta cire jiragen yaƙi daga cikin waɗanda ta shafa. Saboda haka shaidar da rundunar soja ta ba hafsanta ta cikin gida ce, kamfanin jirgi ba zai ɗauke shi da ita ba.

A Najeriya hukumar NIMASA ce ke bayar da takardar ƙwarewar. Matakin farko shi ne na jami'in gadin jirgi, wanda ke buƙatar aƙalla wata 12 a teku cikin tsarin horo da aka amince da shi, ko wata 36 idan ba ta wannan tsarin aka bi ba. Daga nan sai mataimakin kyaftin, sannan kyaftin, kowanne da nasa zaman teku da jarrabawa. Akwai kuma gajerun kwasa-kwasai na dole kan tsira a ruwa da kashe gobara da agajin farko, ga gwajin lafiya da na ido. Takardar kanta ana sabunta ta duk shekara biyar.

Akwai dalilin wannan tsauri. Jirgin kasuwanci kuɗi yake nema. Jami'insa dole ya san loda kaya da sauke su, da kula da tankunan mai ko na gas, da takardun kwastam da inshora da yarjejeniyar haya. Waɗannan ba sa cikin aikin jirgin yaƙi. Sannan babban jirgin yaƙi na ɗaukar mutum fiye da 100, yayin da katafaren jirgin dakon kaya ke tafiya da mutum 20 zuwa 25. Aikin da hafsa ya saba raba wa yara biyar, a can shi zai yi da hannunsa.

Wannan na nufin mutumin da ya yi kwamanda yana iya samun kansa a ƙarƙashin kyaftin da ya haifa. Wasu na jurewa, wasu kuma girman da suka saba da shi ba ya barin su.

Ko wanda ya shirya jurewa yana fuskantar ƙarancin jirage. Tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, a 1995, Najeriya ba ta da manyan jiragen kasuwanci masu yawa na kanta. Ɗaliban Kwalejin Sufurin Teku ta Oron a Jihar Akwa Ibom da waɗanda NIMASA ta tura karatu waje a shirinta na 2008 sun daɗe suna kukan rashin gurbin zaman teku. Dokar 2003 da ta keɓe sufurin gaɓar ruwan ƙasar ga jirage da ma'aikatan Najeriya ta buɗe wasu ƙofofi, haka ma jiragen kamfanin gas na NLNG da ƙananan jiragen da ke yi wa rijiyoyin mai hidima, amma masu nema sun fi guraben yawa.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A duniya kuwa neman jami'an jirgi ake yi. Rahoton da ƙungiyoyin masu jirage na BIMCO da ICS suka fitar a 2021 ya ce akwai ma'aikatan teku kimanin miliyan 1.89, amma akwai giɓin jami'ai 26,240, kuma za a buƙaci ƙarin 89,510 zuwa 2026.

Wannan ya sa wasu ƙasashe suka waiwayi tsofaffin sojojinsu. A watan Maris na 2019 Shugaba Donald Trump na Amurka ya sanya hannu kan umarnin da ya sauƙaƙa wa sojoji lissafa horonsu da zamansu a teku wajen neman takardar jirgin kasuwanci, tare da ɗauke musu wasu kuɗaɗen. A Indiya, rundunar sojin ruwa da hukumar sufurin tekun ƙasar sun ƙulla yarjejeniya a 2022 da ta fayyace matakan da hafsa zai bi ya koma jirgin farar hula. A Birtaniya ma hukumar kula da jiragen ruwa tana lissafa wani ɓangare na horon sojin ruwan ƙasar.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne lokaci. Hafsan da ya san matakan tun yana laftanar zai riƙa tara shaidar kwanakinsa a teku, da girman kowane jirgi da ƙarfin injinsa, ya yi kwasa-kwasan yana cikin albashi. Wanda ya tuna da batun bayan faretin ban-kwana zai biya da kuɗin garatutinsa, a shekarun da komawa aji ke da nauyi.

Inda tsofaffin hafsoshi ke zuwa

Wasu sukan zauna a kudu. Kamfanonin tsaron teku masu zaman kansu da kamfanonin mai da tashoshin jiragen ruwa suna ɗaukar tsofaffin hafsoshi, musamman tun da matsalar 'yan fashin teku ta sa aka kafa doka a kansu a 2019, aka kuma ƙaddamar da shirin tsaron ruwa na Deep Blue a 2021. Wasu na koyarwa a makarantun sufurin teku. Irin wannan aiki na nufin ci gaba da zama a Legas ko Fatakwal, nesa da gida, bayan shekara talatin ana ɗokin dawowa.

Wasu kuma sun yi suna a fagen da ba na ruwa ba. Bayis Admiral Murtala Nyako, ɗan Mayo-Belwa a Jihar Adamawa, ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992. Bayan ritaya gonarsa ta Sebore ta sa aka yi masa laƙabi da Baba Mai Mangwaro, ya shugabanci ƙungiyar manoma ta ƙasa, sannan ya zama gwamnan jiharsa a 2007. Bayis Admiral Ibok-Ete Ibas, wanda ya sauka a 2021, ya zama jakadan Najeriya a Ghana, daga baya ya riƙe Jihar Ribas na wata shida a 2025 lokacin dokar ta-ɓaci.

Sai dai waɗannan shugabannin runduna ne. Kwamanda ko kyaftin da ya sauka ba tare da sunansa ya taɓa fitowa a jarida ba, hanyarsa daban ce.

Kebbi ta saba da tsofaffin sojoji a manyan kujeru. Sarkin Gwandu, Alhaji Muhammad Iliyasu Bashar, Manjo Janar ne mai ritaya. Marigayi Sarkin Zuru, Muhammad Sani Sami, shi ma Manjo Janar ne, kuma ƙasar Zuru ta yi suna wajen ba Najeriya sojoji. Duka waɗannan na sojin ƙasa ne. Mutane sun ga barikinsu, sun san aikinsu. Sojan ruwa kuwa sai a talabijin, ranar bikin rundunar.

Fansho, garatuti da noman shinkafa

Sojoji ba sa cikin tsarin fanshon adashi na ma'aikatan gwamnati. An cire su a 2011, kuma Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja ce ke biyan su. Akwai cibiyar NAFRC a Oshodi, Legas, inda ake koya wa masu shirin ritaya sana'o'i na wata shida, kamar kiwon kaji da kifi da walda da ɗinki, kodayake mafi yawan masu wannan kwas ƙananan sojoji ne. Manyan hafsoshi na samun gajeren horo kan kasuwanci da gudanarwa.

Kuɗin sallama ba kullum suke zuwa a kan kari ba. A farkon 2025 tsofaffin sojoji sun toshe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman a biya su bashin haƙƙoƙinsu. Idan kuɗin suka zo kuma, labari ba ya ɓuya a gari. Mai neman jari da mai neman kuɗin asibiti da mai tallan fili duk za su yi sallama.

A Kebbi shawarar da kowa zai ba shi ita ce ya shiga shinkafa. Akwai hujja. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015. A Argungu aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017, mai iya sarrafa tan 120,000 a shekara, ga kuma kamfanin Labana a Birnin Kebbi. Fadamar Rima, daga Augie zuwa Argungu zuwa Birnin Kebbi har Bunza da Suru, tana ba da noman damina da na rani.

Amma fadamar na da halinta. A daminar 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafar da rahotanni suka ƙiyasta sun kai hekta 450,000 a jihar. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur ɗin injin ban-ruwa ya yi tashin da ya sa manoma da yawa suka koma gas ko hasken rana. Sannan farashin shanshera ya faɗi bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci a 2024, alhali taki bai sauko ba. Mutumin da ya zuba garatutinsa duka a gona ɗaya, a shekara ɗaya, ba tare da ya san inda ruwa ke kwanciya ba, yana iya wayar gari babu uwar kuɗi babu riba.

Akwai kuma sauyin hali. A jirgi umarni ake bayarwa, a ƙame a ce an ji. A gona ɗan ƙwadago yana iya ajiye lauje ya koma gonar maƙwabci idan an ɗaga masa murya. Dillali a kasuwar Argungu ba ruwansa da anini a kafaɗa. Dole tsohon hafsa ya koyi ciniki da lallashi da zaman majalisa, abubuwan da ƙannensa da suka zauna a gida suka fi shi sani.

Wanda ya fito daga sashen injiniya yana da wata dama da ba kowa ke lura da ita ba. Kamfanin shinkafa tukunyar tururi ce da janareto da famfuna da injinan da ba a son su tsaya, wato irin kayan da ya shekara yana kula da su a cikin jirgi. Dubban injinan ban-ruwa da ke fadamar ma na buƙatar gyara mai tsari. Sharaɗin shi ne ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, domin ita masu ɗaukar aiki suka sani.

Ruwan da ke cin mutane a gida

Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya tsage ya nutse a Kogin Neja. Yana ɗauke da mutum fiye da 150, har da mata da yara, ga kaya. Kusan 20 kawai aka ceto da rai. Jami'ai sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima da tsufan jirgin.

Ba shi ne na ƙarshe ba. A watan Janairun 2023 jirgin da ya ɗauko manoman shinkafa ya kife a yankin Koko-Besse. A watan Oktoban shekarar wani ya nutse a yankin Yawuri da 'yan kasuwa. A Jihar Sakkwato mai maƙwabtaka, mutum 29 suka rasu a yankin Shagari a watan Afrilun 2022, yawancinsu yara da matasa, sannan a watan Agustan 2025 wani jirgin ya kife da masu zuwa kasuwar Goronyo.

Dalilan kusan iri ɗaya ne kowane lokaci: lodi fiye da ƙarfin jirgi, katako da ya ruɓe, tafiyar dare, rashin rigar kariya, da kututturan itatuwa da ke ƙarƙashin ruwa tun da aka cika tafkin Kainji a 1968. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin ilimin ƙaramin hafsan jirgi. Auna iyakar nauyin jirgi a zana masa layi a jiki, rubuta sunayen fasinja kafin tashi, sanya alama a inda kututture yake, tsara wanda zai fita ceto da abin da zai fita da shi, duk aikin yau da kullum ne a rundunar.

Hukumomin da abin ya shafa suna nan. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana da ofishi a Yawuri, kuma ta fara tura masu sa ido tashoshin jirage. An kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a 2023, an fitar da sabuwar dokar sufurin ruwa da ta wajabta rigar kariya ta kuma hana tafiyar dare. Hukumar raya yankunan madatsun lantarki, wadda ɗan Yawuri Abubakar Sadiq Yelwa ke jagoranta, ta sha raba rigunan kariya. A 2025 rundunar sojin ruwa ta bayyana shirin kafa sansani a Yawuri.

Sai dai doka a takarda ba ta hana jirgi tashi ranar kasuwa. Ana buƙatar mutum a bakin mashaya wanda ya san dalilin dokar, yake jin harshen matuƙa, kuma ba zai karɓi na goro ya kau da kai ba. Kogin Neja ta Kebbi yake shigowa Najeriya, ya ratsa Bagudo da Koko-Besse da Shanga da Yawuri da Ngaski, ga Gulbin Rima da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Ofishi ɗaya ba zai iya gadin wannan duka ba.

Haka batun ambaliya. Idan aka saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori, yana ɗaukar lokaci kafin ya iso Argungu da Birnin Kebbi. Karanta ma'aunin ruwa, lissafa lokacin isowarsa, sanar da ƙauyuka da tanadar jiragen kwashe mutane aiki ne na tsari da horo, kuma hukumar agajin gaggawa ta jihar na iya amfana da wanda ya yi irinsa shekara da shekaru.

Sarkin Ruwa da Admiral

Kabawa ba baƙin ruwa ba ne. Tarihin baka ya ce Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, yana da babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla wanda yake zagaya garuruwansa da shi idan ruwa ya cika. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, yana nuna gwanintar da ta rage: tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa a wasannin Kabanci. Sarkin Ruwa ne ke da ta cewa kan Matan Fada, kuma a garuruwan bakin kogi maganarsa ta fi ta kowane jami'i shiga kunnen masunta da matuƙa.

Tsohon hafsan da zai yi aiki a nan dole ya fara da gaisuwa a wajen waɗannan mutane. Sarkawa da sauran masunta sun san kowace kwana ta gulbi, sun san inda yashi ke motsi da inda ruwa ke juyi, kuma su ne ke fara faɗawa ruwa idan jirgi ya kife. Shi kuma ya zo da lissafin nauyi da tsarin ceto da sanin yadda ake rubuta rahoton da Abuja za ta karanta. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya rage shi ne a haɗa su. Gwamnatin jiha na iya tattara sunayen 'ya'yanta da suka yi ritaya daga sojin ruwa, da fannin kowannensu, ta hanyar ƙungiyar tsofaffin sojoji. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya da ke Birnin Kebbi da jami'ar jihar da ke Aliero na iya gayyatar su koyar da gyaran injin jirgi da kiyaye haɗari. Ƙananan hukumomin bakin kogi na iya sanya su a kwamitocin tashoshin jirage tare da sarakunan ruwa da shugabannin matuƙa.

Ga hafsan da ke cikin aiki yanzu kuma, ɗan Argungu ne ko ɗan Yawuri, shirin dawowa yana farawa ne tun da sauran shekaru: adana shaidar zaman teku, neman takardun farar hula, gwada ƙaramar gona kafin babba, da yawan leƙa gida domin kada ya dawo baƙo. Daminar baɗi za ta zo, gulbi zai cika, kuma jiragen katako za su ci gaba da tashi daga Warra da Yawuri da Dole-Kaina cike da mutane duk ranar kasuwa.